Baba Alfred, Wanda Ya Haɗa Wayoyin Kantin Zulaihatu

Ƙarfe bakwai na safe ba ta yi wa Baba Alfred a gida. Kafin a gama share bakin kantin magani na Hajiya Zulaihatu da ke Bagadaza, ya jingine tsohon babur ɗinsa a gindin dalbejiya, ya shige ɗan ɗakin da ke bayan sito. Nan na'urar da ke rarraba kira take, cikin akwatin ƙarfe da bai kai ƙaramin firji ba. Zai duba batir, ya ɗora tafin hannu a kan akwatin ya ji ko ya yi zafi, sannan ya ɗaga waya ya kira rassan kantin ɗaya bayan ɗaya.

"An tashi lafiya? Kuna ji na ras?"

In aka ce ras, ya ajiye. In kuwa muryar ta ɗan sarƙe, to shayinsa sai dai ya huce. Shekara takwas ke nan yana haka, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don gwiwa ta fara ƙin tsani.

Mutumin Kaltungo ne. Ya yi shekara ashirin da shida yana hawa falwaya a tsohon kamfanin tarho na gwamnati. Da wayar hannu ta shigo, aikin ya mutu, abokan aikinsa suka watse, wasu gona, wasu acaɓa. Shi kuwa, da furfurarsa, ya dinga zuwa shagon intanet yana koyon yadda ake tura murya ta hanyar da saƙon kwamfuta ke bi. Masu yi masa dariya sun yi har sun gaji.

A lokacin ne kantin Hajiya Zulaihatu ya tashi daga ɗaya ya zama uku: na Bagadaza, na Malam Inna, da na bakin kasuwa. Girman ya zo da ciwon kai. Mai ciwon suga zai zo a ce masa babu allurarsa, alhali tana can cikin firjin wani reshe. A kira ta wayar hannu, sabis ya ƙi. Ma'aikaci ya bar aiki, ya tafi da lambar da masu saye suka sani. Aka ce mata ta nemi Baba Alfred.

Ya zo, amma mako biyu bai sayi ko ƙusa ba. Kullum sai ya sami kujera a wani reshe ya zauna, yana lura da wa ke kiran wa, da wane lokaci kira ya fi yawa, da mutum nawa ke magana a tare. Hajiya ta gaji.

"Baba, waya na ce ka sa mini, ba zaman kanti ba."

"Hajiya, tela ba ya yanka sai ya auna," in ji shi. "Kuma mai tasowa ba a ɗinka masa riga cif-cif."

Da ya kawo zanensa a takarda, ta ga ya ba kowane reshe gidan lambobinsa. Bagadaza ɗari ɗaya da wani abu, Malam Inna ɗari biyu, kasuwa ɗari uku. Ɗari huɗu da ɗari biyar ya bar su babu kowa.

"Waɗannan na waye?"

"Na rassan da ba ki buɗe ba tukuna."

Ta yi dariya. Yau reshen Gabukka ne ke amsa ɗari huɗu, kuma ranar da aka buɗe shi ba a fasa bango ko ɗaya ba.

Ya saita na'urar yadda murya za ta riƙa wucewa gaban komai, don a cewarsa takarda tana iya jira a layi, magana ba ta jira. Abin da suka fi ja a kai shi ne faya-fayan rediyo da ya ce a kafa a saman rufin kowane reshe suna kallon juna, da sola da batir, domin kiran da ke tsakanin rassa ya bi hanyarsa ta kansa, ba sai ya jingina da sabis ɗin kowa ba. Hajiya ta ce abin ya yi yawa ga kantin magani. Ya ce mata, "Ranar da komai ya tsaya, ranar za ki fi bukatar jin muryar mutanenki." Duk wanda ke Gombe a shekarun nan ya san irin ranar da yake nufi. Ta ce a yi.

Yin bai zo da sauƙi ba. Zamani ne da mutum ɗauke da kwali cike da wayoyi da batir abin tsoro ne. Wata rana aka tare shi a shingen bincike, ya yi awa uku zaune a rana, sai da Hajiya ta zo da mai unguwa suka tsaya masa. Bai riƙe kowa a rai ba. "Aikinsu suke yi," ya ce. Tun daga nan ba ya hawa rufi sai ya tara mai unguwa da maƙwabta, ya buɗe kayan a gabansu, ya ba dattijo waya ya ji muryar wani a can Malam Inna.

Sai ranar ta zo. Da la'asar aka ji ƙara daga wajen kasuwa, har tagogin Bagadaza suka girgiza. Gari duka ya ɗauki waya a lokaci ɗaya, sabis ya toshe, wuta ta ɗauke. Goggo Jumma, wadda 'yarta Bushra ke aiki a reshen kasuwa, ta shigo kantin Malam Inna ba takalmi, mayafi a hannu, wayarta ta ƙi shiga. Mai tsaron kanti ya ɗaga wayar da ke kan tebur, ya danna ɗari uku da ɗaya, ya miƙa mata. Bugu biyu aka ɗauka.

"Bushra? Ke ce?"

"Ni ce, Goggo. Muna cikin kanti mun rufe ƙofa. Ba abin da ya same ni."

Goggo ta sulale ƙasa da wayar a kunne. Kafin magariba labari ya bazu cewa wayar kantin Zulaihatu tana shiga kasuwa. Mutane suka yi layi a Malam Inna da Bagadaza, kowa da sunan nasa a baki. Bushra ta buɗe ƙofa, tana karɓar suna tana fita tana kira. Wasu suka amsa. Wasu aka ce an wuce da su asibiti, dangi suka san inda za su nufa. Akwai sunayen da ba a amsa ba, Allah ya jiƙansu. Duk tsawon lokacin Baba Alfred yana cikin ɗan ɗakinsa, ya kashe kwamfutoci da fanka don batir ya kai, gumi ya jiƙa masa riga. Yawancin waɗanda suka yi layi ran nan ba su san akwai mutum a bayan sito ba.

Baba, kai ne wanda aka ce sana'arsa ta mutu, ka koma ɗalibi da furfura. Kai ne ka yi wa kanti mai rassa uku tanadin rassa biyar. Ba ka sayar da magani ko ƙwaya ɗaya ba, amma masu ciwo da yawa sun sami nasu a kan lokaci saboda kai. Ma'auni kafin almakashi, mun gode.

Da Hajiya ta tambaye shi abin da yake so na sallama, bai ambaci komai na kansa ba. Cewa ya yi ta ba shi mutum biyu daga kowane reshe, mata da maza, na wata ɗaya. Yanzu haka suna nan kowace safiya, yana sa su kwance waya su ɗaura da hannunsu, ya ɓata saiti da gangan ya koma gefe ya naɗe hannu. "Aikin da mutum ɗaya kaɗai ya iya," in ji shi, "ba a gama shi ba."

Masu gyara da masu haɗa kaya na garin nan, ga naku. Ku auna kafin ku saya, ku bar wa gobe wuri, ku koyar kafin ƙarfi ya ƙare. Mu kuma da ake yi wa aikin, mu riƙa leƙa bayan sito muna gaisuwa.

Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, Baba Alfred, ya kai ka Kaltungo lafiya. Ka sauko daga tsanin nan haka, akwai mutum takwas a ƙasa suna jiran su hau.