Juya Ganyen Tukuna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina cikin shanya aka kira ni daga Bunkure: Gwaggo Asabe ta rasu.

Ƙanwar baban maigidana ce. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a jikin furannin katangar gidana, aikin hannunta ya gani.

Shekarun tamanin aka kawo ni Kura ina amarya, akwatina rabi atamfa, rabi littattafan soyayya. A ƙagare nake in ga furen wardi yana hawa bangona kamar gidajen da nake karantawa, nan kuwa duk inda ka duba tumatir ne da albasa. Na dami maigida har ya sayo min wata shukar wardi daga Kano, furenta ja jawur. Na yi mata kwami, na cika shi taf da ruwa yadda ake yi a gonakin bakin kanal na noman rani. Sati uku ganyen ya yi baƙin ɗigo, ya zube.

Gwaggo ta tarar ina kuka.

"Amarya, fure kika dasa ko shinkafa?"

Mijinta ya yi aikin lambu a gidajen injiniyoyin ruwa a Kadawa, wajensa ta koya. Ta kai ni gidanta, ta jera min dashe biyar a gwangwanaye. Na miƙa hannu ga mai fure, ta buge hannun.

"Juya ganyen tukuna."

Na juya. Fari fat, kamar an barbaɗa gari.

Ta turo min wata ko toho babu, sai rassa uku masu kauri da ganye kore shar. "Uwar wannan damina bakwai ba ta yi ciwo ba. Ruwa a gindi, da safe, kar ki jiƙa ganye. Ki ɗan ja ta daga bango ta sha iska."

Na ce, "Gwaggo, a littafi ba haka yake ba."

"Mai littafin naki ya taɓa riƙe fartanya?"

Shekara biyu shukar ta haye katangar. Har yau tana nan.

Watan jiya na je gaishe da Gwaggo. Ido ya tafi, tata shukar ma ta bushe. Ta riƙe hannuna ta ce, "Taki tana nan? To yanko min reshe kafin zafi ya shigo."

Na ce to. Ban faɗa mata yarana sun shirya rushe tsohuwar katangar su sa bulo ba, har na amince. Reshen ma ban kai ba.

Allah Ya jiƙanki Gwaggo, Ya yafe miki, Ya sa ki a lambunan Aljanna. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a.

Ɗazu na yanki rassa goma, kowanne sai da na juya ganyensa. Jikarta ta ce za ta kula da na farko. Na kira yaran na faɗa musu: babu mai taɓa katangar nan sai rassan sun yi saiwa.