Da'irar Gishirin da Ban Haɗe Ba

"Alhaji, wa ya koya maka wannan?"

Wata tsohuwa mai tallan nono ce a ƙofar shagona, kasuwar Makarfi, tana kallon kwalin da na shanya. A waya na ga dabarar: ka zana da'ira cikin da'ira da gam, ka barbaɗa gishiri, ka ɗiga kala ta bi zanen da kanta. Niyyata in sayar wa amare su ƙawata ɗaki.

Na ce, "Waya ce malamar, Inna. Ado ne kawai."

Ba ta yi dariya ba. Ta nuna inda da'irar waje ba ta haɗe ba. "Mu da gishiri muke kiran shanu, ɗana. Kai ka yi kira, ka bar ƙofa. Wa kake jira?"

Tana tafiya na ga shuɗin da na ɗiga a zanen ya tsiyayo ta gurbin nan, siriri, ya nufo ƙafata. Kwalin kuwa tun jiya ya bushe.

Maƙwabta sun gani. Yau ko mai neman ashana bai tako shagon ba.

Jama'a, in haɗe da'irar, ko in bar ta ko abin da ya shiga zai fita?