Fetur a Butar Alwala

A makaranta an koya mana cewa fetur mai ne da ake haƙowa daga ƙasa, a tace shi, inji ya ƙona shi abin hawa ya tafi. Ban san yana iya shiga sallar mutum ba sai shekarar da maigidana ya sayi babur, lokacin da kuɗin mai suka cika gari amma man ya yi wuya.

Ɗaki ɗaya muke haya a Fagge. Sai ya riƙa sayo fetur a galan daga Sabon Gari yana turawa ƙarƙashin gado. Wari ya kama katifa, ya kama lulluɓina, har garin tuwo. Idan ya zuƙo shi da tiyo ya tofar, sai in kau da kai. Da bakin nan zai ɗauki Alƙur'ani.

Kwana uku ina kurkure baki wurin alwala ina jin ɗanɗanonsa, ina cewa hancina ne ya saba. Ran na huɗu da hantsi na leƙa zaure, na tarar da shi tsugune yana tsiyaya mai cikin tanki da butata.

"Malam, butar alwalata ce fa."

"Bakinta ya fi dacewa da tankin. Ai ina ɗaurayewa."

"Da me?"

"Da ruwa mana, da miya zan ɗauraye?"

Ban yi dariya ba. Na sani tun muna yara, ruwan da ɗanɗanonsa ko warinsa ya sauya ba ya alwala. Bayan ya fita na zuba ruwa a butar, na juye a kwano. Ga maiƙo nan yana yawo a sama, shuɗi-shuɗi. Na yi amai a bakin magudana.

Da yamma na nemi izini na je Rijiyar Lemo wurin Baba. Ya shinshina butar, ya miƙo mini da sauri.

"Ki rama sallolin duka, 'yata. Mijin naki da me yake alwala?"

"Da ita, Baba."

"To ki gaya masa."

Na gaya masa. Ya ce shi a masallacin wurin aiki yake yawancin alwalarsa. Na ari butar maƙwabciya, na rama nawa tun daga Asubar ranar farko. Ina cikin La'asar ta biyu na ji ya shimfiɗa buzunsa a gefe.