An Auna Keken da Nauyin Ƙato

Yayarmu ita ce 'yar fari, kuma duk gidan ba wanda ya kai ta rashin nauyi. Tun tana ƙarama ake kiranta Sille, don in ta tsaya a bakin ƙofa sai ka ɗauka kara aka jingine. Mai bi mata namiji ne, shi kuwa kamar an kwashe rabonta na tsoka an ɗora masa, ba mai kiransa da wani suna sai Ƙato. Ni ce auta. Wani abin na gani da idona, wani Mama ce ta ba ni, wani kuma sai da na yi ta tono kafin Yaya ta yarda ta faɗa.

Shagon Baba yana gindin dutse, daidai inda kwalta ta ƙare. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, tayoyi rataye a ƙusa, ƙasa ta yi baƙi da giris. Yana gyaran keke, yana kuma ba da haya ga baƙin da ke zuwa ƙarshen mako don su hau dutsen su gangaro. Hanyoyin saman suna da ruɗani, akwai inda in ka kuskure kwana sai dai a ɗauko ka, shi ya sa baƙi ba sa tafiya sai da jagora a gaba. Baba ne jagoran har gwiwa ta kwantar da shi. Daga nan aikin ya faɗo kan yara biyu, Yaya da safe, Ƙato da yamma.

Kekunan haya duk tsofaffi ne. Mai kyau guda ɗaya ne, wani ja da Baba ya saya na hannu, shi ne na jagora. A ƙarƙashin sirdinsa akwai shokazoba na iska, wani ɗan bututu da ake hura wa iska da ƙaramin famfo daidai nauyin mai hawa. In ka zauna ya ɗan nutse, to ya karɓe ka, zai riƙa shanye duwatsu kafin su iso bayanka. Ƙato kan cika shi tam, Yaya ta zo da safe ta sassauta. Kullum sai sun yi faɗa a kan famfon. Ta ce ya mayar da keken benci, ya ce ai ita ko a kan ƙwai ta zauna ba zai fashe ba.

Wanda ya taɓa ganin Yaya tana gangarowa ba ya mantawa. Ba ta zama a sirdi, tsaye take a kan feda, gwiwa a lanƙwashe, yatsa ɗaya a birki, keken yana rawa a ƙarƙashinta ita ko gezau. Baƙi suna sauka suna haki suna tambayar Baba inda ya samo ta. Yakan yi dariya ya ce iska ce ke ɗaukarta.

Sai bututun ya fara yoyo. A hura da safe, kafin azahar ya kwanta. Robobin ciki ne suka cinye. Baba ya ce ya gaji da abin da sai an riƙa lallashi, zai cire shi ya sa na sifirin, wannan murɗaɗɗen ƙarfen da ba ya neman famfo. Ya jero dalilansa a gaban kowa. Sifirin ba ya yoyo. Ba ya ɗaukar zafi ya sandare in gangara ta yi tsawo. Ya fi bin ƙasa, taya ba ta tsalle a kan tsakuwa. In ka ɗaura shi ka manta da shi. Na girma na bincika, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Abu ɗaya bai faɗa ba, sai mai kayan gyara ne ya faɗa ranar da ya kawo su a buhu ya zazzage a kan tebur. Ya ce sifirin ba kamar iska ba ne, kowanne da nauyin da aka ƙera shi dominsa, mutum ɗaya yake sani. Sannan ya tambaya, "To Malam, wa zai hau?"

Yaya tana tsugune da sifana a hannu, ta riga ta kwance tsohon. Ƙato yana kan benci yana latsa waya. Baba bai kalli kowa ba, ya ce Ƙato ya taso ya hau sikeli.

Yaya ta ɗago kai ta ce, "Baba, ni fa?"

"Ke me? Keke ne, wa ya hana ki hawa?"

Ita ce ta ɗaura sifirin ɗin da hannunta, don Ƙato bai san kan noti ba. Da ta gama ta hau ta zauna. Ƙarfen bai motsa ba. Ta miƙe ta faɗo da ƙarfinta, ya ɗan yi kamar zai gaishe ta ya fasa. Mai kayan gyara ya yi dariya ya ce a ƙara mata abinci.

Ba ta haƙura ba. Washegari ta fita da baƙi, keken ya yi ta wurgi da ita, kowane dutse sai ya dako ta a ƙugu, tayar baya tana zamewa a kwana. Ta dawo tafin hannunta ya yi jini. Sai ta samo jakar goyo ta cika da tsofaffin sarƙoƙin keke da ƙarafa, ta ɗaure a baya don ta yi nauyi. Ana jin ƙararta tun daga saman dutse, har Ƙato ya riƙa ce mata mai gwangwan. Haka ta yi damina guda. Nauyin da ke bayanka ba ɗaya ba ne da nauyin da ke jikinka, yana jan ka baya a hawa, yana ingiza ka a gangara. Ƙashin bayanta ya fara ciwo tun lokacin, kuma har yau in za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango.

Mama ta yi magana sau da yawa. Ta ce a gyara tsohon bututun, ko a sayo sifirin mai laushi a riƙa canzawa. Baba ya ce yawan kwancewa da ɗaurawa yana cinye noti, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yaya ta ce, ƙasa-ƙasa yadda ba zai ji ba, ita da ke hawa dutse kullum ba ta hango ba balle rimi. Bai taɓa buɗe baki ya ce don Ƙato namiji ne ba. Da ya faɗa, da an san da me ake faɗa. Shi dai kullum maganar ƙarfe yake yi.

A ƙarshe ta ajiye jakar. Safe da yamma duk suka koma hannun Ƙato, ita ta zauna a shago tana liƙin taya. Baƙi in sun tambayi ina siririyar yarinyar nan, Baba ya nuna ta da haɓa, ya ce ga ta can tana aiki.

Ƙato bai daɗe ba. Ya samu aikin tuƙa babbar mota ya tafi. Da ya zo ganin gida, muna cin abinci ya faɗa yana dariya cewa shi dama tsoron dutsen nan yake ji, duk gangarar da ya yi salati yake har ƙasa. Kowa ya yi dariya ban da Yaya. Baba ya wanke keken ya rataye shi a bango. Yaya ta je ta durƙusa ta roƙi a sa sifirin daidai ita, tunda mai shi ya tafi. Ya ce in ya dawo fa? Baƙi suka koma wani sabon shago da aka buɗe can gaba, mai jagorori biyu. Namu ya koma na faci da gyaran birki.

Yaya ta yi aure, ta haifi uku, ta ci gaba da riƙe shagon don idon Baba ya yi rauni. Zaman wuri ɗaya da haihuwa suka cika mata jiki. Yanzu in an kira ta Sille, baƙo sai ya waiwaya ya nemi wadda ake nufi.

Bara Baba ya sa aka kawo shi shago a kujerarsa. Ya ce a sauko da jan keken, ƙura ta yi masa yawa. Yaya ta sauko da shi ta goge, ta hura tayoyi, sannan ta hau don ta gwada birki kamar yadda take yi wa kowane keke. Tana zama sifirin ya nutse, a hankali, daidai yadda ya kamata. Ina wurin, na ji ƙarar. Baba ma ya ji, fuskarsa ta washe.

"Kin gani ko? Na ce miki ƙarfe ba ya lalacewa. Ga shi ya jira ki. Ɗauki, naki ne."

Ta daɗe a zaune, hannunta a kan birki, tana kallon ƙafafunta. Sannan ta sauka, ta dafa tebur ta miƙe bayanta.

"Baba, ko matakalar gida ba na iya hawa sai na huta."

Ya ce ai a hankali ake komawa. Ta tura keken waje ta jera shi a layin na haya, tsakanin tsofaffin, ta ce wa mijinta, da ke taya ta a shagon, duk wanda ya zo a ba shi, mai nauyi ko marar nauyi. Baba ya yi ta tambayata me ya faru, wai ko wata magana ya faɗa da ba daidai ba. Na ce masa a'a, duk abin da ya faɗa daidai ne. Wani yaro ya shigo da taya a kafaɗa, Yaya ta jawo kwanon ruwa ta zauna neman inda ta huje.