Farfelar Jirgin Jama'a

Da wata ƙungiyar agaji ta ba mu jirgi mai inji don ɗauko marasa lafiya daga tsibirai zuwa Warra, mu tara aka naɗa kwamiti, aikin sa-kai. Ranar ɗaukar hoto kowa ya zo da babbar riga. Daga nan taro ya koma ni da shugaba da kujeru.

Abu ɗaya muka taɓa yankewa baki ɗaya. Don kada wani ya riƙa lodin kifi da jirgin jama'a, muka raba kayansa: inji gidan shugaba, tankin mai wurina, farfela wurin wani ɗan kwamitinmu, Alhaji mai shagon raga. Har yabon kanmu muka yi.

Wata safiya da damina Inna ta kira ni daga tsibirin da ƙanwata ke aure.

"Ta haihu, ɗiya mace, amma jini ya ƙi tsayawa. Ku taho da jirgin ga."

Na saɓi tanki, shugaba ya turo inji a baro. Shagon Alhaji kuwa a kulle, wai ya tafi Yelwa sarin kaya. Na buga masa waya.

"Alhaji, don girman Allah, ina farfela?"

"Wace farfela, Malam?"

Wallahi da yana gabana da na shaƙe shi. Da na tuna masa, sai ya ce tana nan wani wuri, in bari ya dawo da la'asar.

Na fasa kwaɗon, na birkice raga da igiyoyi ina kuka kamar yaro. Babu. Ranar kasuwa ce, jiragen inji duk sun tsallaka. Muka ari kwale-kwale da filafili, ni da hannuna bai san komai ba sai alli, shugaba ga ciwon baya. Iska na mayar da mu, wayar Inna na ta shigowa: "Kuna ina? Ta hwara sanyi." Ina cewa ga mu nan, alhali ko bishiyoyin tsibirin ban hango ba. Can wayar ta daina ƙara.

Ranar sadakar uku na ga kwamitinmu ya cika a karo na biyu, mu tara reras kan tabarma ɗaya, jaririyar na tsala kuka a cikin gida. Bayan an shafa fatiha Alhaji ya matso, ya ajiye baƙar leda a gabana.

"Ashe tana gida, ƙarƙashin gado," in ji shi.