Shekarar da Ummaru Mai Rediyo ya rufe bakin sifikunsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Ummaru Mai Rediyo makwancinsa a Sabon Birni. Matasan garin da yawa ba su san shi ba. Waɗanda suka san shi kuma sun tarar da shi ne yana tsoho mai tabarau, zaune tsakiyar matattun rediyoyi a bakin kasuwa. Ni Garba, kafinta ne, mutumin garin Isa. Aiki ya kawo ni Sabon Birni ina saurayi, aka ba ni rumfa jikin tasa, muka yi zaman maƙwabtaka har ƙasa ta rufe masa ido. Abin da nake son faɗa wa masu karatu shi ne labarin akwatunan sifika biyu da muka haɗa tare, da abin da ya biyo bayansu.

Cikin farin nan ne na shekarun tamanin, lokacin da gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, gulbi ya koma rairayi. Wani ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar ya kawo wa Ummaru talabijin da bidiyo da suka mutu, ya ce ya gaji da su, in ya tashe su nasa ne. Ya kuwa tashe su. Hoto ya fito tas, amma sautin kamar sauro a cikin gora. Ummaru ba ya iya zama da abu rabi da rabi. Ya tattaro sifikun tsofaffin rediyoyi da na wata motar haya da ta kwanta, ya haɗa amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da hannunsa, sannan ya leƙo rumfata ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya san waya, ni na san katako.

Katako bai yi mana wuya ba a shekarar, don masu barin gari suna sayar da gadajensu da ƙyamaren ɗakunansu. Na zaɓi masu kauri na madaci. Na ɗauka akwati akwati ne, irin wanda nake yi wa mata na ajiyar kaya. Sai da ya sa na warware na farko. Ya ce iskar da ke bayan sifika ita ce rabin sauti, in ta sami ɓaraka ta gudu, muryar ta zama fanko. Yakan kunna kiɗa ya bi gaɓoɓin akwatin da gashin kaza, inda gashin ya motsa ya toshe da kakin zuma. Cikin akwatin muka shimfiɗa audugar rimi don kada katako ya yi amo. A gaba ya sa na huda ƙofa guda, mun yi ta gardama kan girmanta, ni ina cewa ta ɓata kyan aiki, shi yana cewa ta nan ƙasan murya ke fita. Takardar sifika ɗaya ta yage, ya liƙe ta da ƙaro da ƙyallen tsohuwar riga. Matarsa Hajo ta rufe fuskokin da baƙin yadi.

Ba gidan kallo na kuɗi ya buɗe ba. A zaurensa ya kafa, akwati ɗaya dama da talabijin, ɗaya hagu, don iyalinsa da duk wanda ya shigo. Ranar da aka fara kunnawa, aka nuno doki yana gudu daga wannan gefe zuwa wancan, ƙarar kofatonsa ta bi shi daga akwati zuwa akwati, har wani dattijo ya janye ƙafarsa. Daga nan kullum bayan la'asar zauren cike yake. Mutanen da ba su ɗora tukunya da rana ba suna samun abin da zai ɗauke musu hankali na ɗan lokaci.

Yanzu jikokina na da wani ɗan abu kamar tulun turare, suna haɗa shi da wayar hannu ba tare da igiya ba, ƙararsa kuma ta kai ta akwatunanmu. Nakan tambayi kaina me Ummaru zai ce. Na san ba zai raina shi ba, shi ba mai kushe sabon abu ba ne. Zai nemi sukudireba ya buɗe shi, in ya tarar an manne shi yadda ba ya buɗuwa, a nan ne ransa zai ɓaci. Abin da ba a gyara shi, a wurinsa, ba naka ba ne, aro aka ba ka.

Damina ta biyu ta zo hadari na haɗuwa yana watsewa. Idan wahala ta yi tsawo mutane sukan nemi wanda za su ɗora wa. Aka fara cewa kiɗe-kiɗen da ke tashi a zauren Ummaru ne ke korar ruwa. Wanda ya kawo maganar har gida shi ne Kawu Nomau, yayan mahaifiyarsa, manomi daga Kurawa da shanunsa suka mutu ya dawo cikin gari da zama. Kunnensa ya yi nauyi, don haka da ƙarfi yake magana. Ina wurin.

Ya ce, "Ummaru, mutane na roƙon Allah ruwa, kai kana tara su ga kiɗi. Ka kashe abin ga."

Na zaci Ummaru zai yi gardama, don na san bai yarda akwati na hana ruwa ba. Sai ya sunkuya ya zare wayoyin a gaban kawun, ya ce, "Kawu, na kashe. Ba ni ƙara kunna shi sai ruwa ya sauka, ko kai da kanka ka ce in kunna."

Da muka koma rumfa na ce masa ya ba da kai da arha. Ya ce mutumin da ya binne shanunsa ba a ja masa magana, kuma bai ga abin da ke cikin fim da ya kai ya raba shi da ɗan'uwan uwarsa ba. Da ya koma gida ya juya fuskokin akwatunan ga bango. Ruwa dai bai zo ba. Bai taɓa cewa ko a gabana, "To, ga shi na kashe, ina ruwan?" Wannan shirun nasa ya fi komai tsaya mini a rai.

A lokacin samari da yawa sun tafi Kurmi, can kudu, neman abinci. Galibinsu ba su iya rubutu ba, sai su ɗauki muryarsu a kaset su ba direbobi su kawo gida. Ɗan Kawu Nomau, Sani, yana cikin waɗanda suka tafi, kuma an daɗe ba labarinsa. Kawu ya fid da rai. Ya yanke shawarar sayar da gonarsa ta fadama a Kurawa ya kwashi iyali su tsallaka Nijar wurin dangi, har ya yi magana da mai saye a kan za su gama ranar kasuwa. Ana cikin haka kaset ɗin Sani ya iso. Aka kunna a ƙaramar rakoda, kowa ya ji ban da Kawu. Matarsa ta faɗa masa Sani na da rai, kuma ya ce kada a sayar da gona. Kawu ya ce ƙarya ne, ita ce dama ba ta son a sayar, ta sa maganarta a bakin yaro. Har ya fara zargin rasuwa ake ɓoye masa.

Da hantsi ya zo rumfar Ummaru da kaset ɗin a aljihu. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi aiki, ya tambayi yara, ya sake tambayar aiki. Ummaru ya gane, amma alkawari alkawari ne, ya jira. Can Kawu ya ajiye kaset ɗin a kan benci, ya kau da kai ya ce, "Akwatunan nan naka, suna iya hiddo maganar mutum yadda kurma ka ji?"

Ummaru ya ce, "Suna iyawa, Kawu, in ka ce in kunna."

"To na ce."

Muka tafi zaure mu uku. Ummaru ya kori masu leƙe ya tura ƙyaure, don maganar gida ce. Ya kife turame biyu, muka ɗora akwatunan daidai kunnuwan Kawu, ya haɗa su da rakoda da batirin mota. Ya rage ƙarar sama ya ƙara ta ƙasa, ya kama tafin kawun ya ɗora a kan katakon. Muryar Sani ta cika ɗakin. Ya yi sallama, ya gai da Baba da Inna, ya ce yana ga-ruwa a wata unguwa, lafiyarsa lau, ciwo ne ya kwantar da shi a baya. Sannan ya ce, "Baba, kome anka yi, kada a taɓa gonag ga ta fadama. Za ni dawowa in nome ta, ko bana ko baɗi."

An ce gani ya kori ji, amma ranar ji ne ya kori zato. Kawu bai ɗaga hannunsa daga akwatin ba. Ya ce a mayar, aka mayar. Da ya ƙare ya share fuska da bakin rawaninsa, ya ce, "Shi ne. Haka yaka jan magana tun yana ƙarami." Ya tashi ya tafi wurin mai saye ya janye maganarsa. Bai ba Ummaru haƙuri ba, Ummaru kuma bai jira hakan ba.

Daga ranar, tsofaffi masu nauyin kunne suka riƙa zuwa da kaset-kaset ɗinsu, har daga Burkusuma da Kamarawa. Fim kuwa Ummaru bai koma kunnawa ba sai da damina ta gaba ta zauna sosai, don a fahimtarsa izinin da kawu ya bayar na murya ne, ba na kiɗa ba.

Yau ma ana barin garuruwanmu, sai dai ba fari ne kaɗai ke korar mutane ba, rashin kwanciyar hankali ya fi shi. Saƙon murya kuwa yana isowa cikin ƙiftawar ido. Amma na ga tsohuwa riƙe da waya a kunne tana juya ta, ba ta jin abin da ɗanta ke faɗa, yaran gidan kuma kowa na kan tasa wayar. Na tabbata da Ummaru na nan da ya tsaya ya taimake ta. Na'urar ba ta taɓa zama abin da ya dame shi ba, wanda ke zaune gabanta ne.

Akwatunan gara ta cinye su tun yana da rai, rumfarsa yanzu mai cajin waya ne a ciki, 'ya'yansa babu wanda ya gaji sana'ar. In da aikin hannu ake auna mutum, da sai a ce bai bar kome ba. Amma Sani ya dawo kamar yadda ya ce, ya nome gonar, yau shi ma ya yi furfura. Duk kaka, ko hanya ta yi kyau ko ta ɓaci, sai ya ɗauro damin gero a babur ya sauke a ƙofar Hajo. Bara na tambaye shi har yaushe zai riƙa wannan wahala. Ya ce, "Malam Garba, ni ban taɓa jin ƙarar akwatunan nan ba, ina Kurmi anka yi abin. Amma kullum na duƙa cikin gonag ga, na san wa yas sa taz zama tawa."

Allah Ya jiƙan Ummaru, Ya sa ya ji kira mai daɗi ranar da za a tashe mu.