Hannun da Ba Ya Jin Zafi

A layin da shagon wanki da guga yake, babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Mai Guga ake ce mata, har mijinta in ya so tsokana haka yake kiranta. Tun tana budurwa ta shiga shagon. Ɗaki ne dogo, injinan wanki a can baya suna rugugi, teburan guga a jere a gaba, riguna kuwa rataye a sama cikin leda har sai mutum ya sunkuya kafin ya wuce. Zafin ɗakin nan ba a magana. Kowa a jiƙe yake sharkaf tun safe har a tashi, shi ya sa in wata ta ce jikinta ya yi zafi sai a yi mata dariya, a ce to wa ke jin sanyi a nan?

Shekarun da ta yi tana riƙe dutsen guga sun cinye mata tafin hannu. Fatar ta yi kanta, ta yi tauri, har tana sauke tukunya daga wuta ba tsumma, yara na kallo suna tafi. A da abin alfaharinta ne. Amma da yake hannun ya daina gaya mata gaskiya, in za ta ɗora dutse a kan rigar mutane mai tsada sai ta ɗaga shi kusa da kuncinta, ta ɗan karkata kai, ta ji hucinsa. Kuncin nan bai taɓa sa ta ƙona rigar kowa ba.

Mijinta direban babbar mota ne, yau yana gida, gobe sai dai a ji muryarsa a waya. Sun yi shekaru suna neman haihuwa. Ciki ya shiga ya zube, wani ya sake shiga ya zube, har ta kai in ta ga kayan jarirai cikin wankin mutane sai ta tura wa ta kusa da ita. Da wannan cikin ya zauna, tsoro ya hana ta murna. Ko wando ba ta saya ba sai da cikin ya tsufa.

Ana nan, cikin ya shiga watansa, wata rana tana tsaye a tebur ta ji ɗan ruwa na bin cinyarta. Ba yawa, ɗis-ɗis ne kawai. Ta ɗauka fitsari ne ya kufce mata, kunya ta rufe ta, ta shiga bayi ta yi ƙunzugu ta dawo ta ci gaba da aiki. Washegari ma haka, wanshekare ma haka. Sai jikinta ya soma zafi, mararta na ciwo in ta taɓa, ruwan kuma ya ɗauki wani wari. Abin haushin shi ne ko wace alama ta zo, shagon nan yana da amsarta a ajiye. Zafi? Tururi ne. Jiƙa? Gumi ne. Wari? Ai jiƙaƙƙun kaya ne da suka kwana a kwando. Akwai farasitamol a aljihun tebur da kowa ke afawa in kai ya sara, ita ma ta dinga afawa, ta fesa turaren da suke fesa wa riguna, ta ja bakinta ta yi shiru.

Ranar da naƙuda ta taso, sai da ta haɗiyi ƙwayar nan kafin su fita zuwa asibiti ita da yayarta. A mota ne ruwan ya ɓalle gaba ɗaya. Shi ya sa da nas ta tambaye ta yaushe faya ta fashe, ta ce yanzu a hanya, kuma har ga Allah a lokacin ba ta ga ta yi ƙarya ba. Aka gwada zafinta, magani ya riga ya danne shi. Ɗakin haihuwa cike, wata na ihu nan, wata na kiran uwarta can. Ta haifi namiji, ya tsala kuka, ita ma ta fashe da nata. Washegari aka sallame su.

A gida yaron ya yi shiru. Maƙwabta suka yi ta shigowa suna yaba shi, wai kai, wannan ɗa da haƙuri yake, ba irin nasu masu tsaga kunne ba. Yaya, wadda ta haifi nata ta raine su har sun girma, ta ce ai dace aka yi. In an sa masa nono sai ya ɗan tsotsa ya saki, idonsa a rufe. Yaya ta ce barcin gajiya ne, shi ma ai tafiya ya yi. Ta ce abin da ake tsoro ga jariri shi ne zazzaɓi, ga shi kuwa jikinsa ba zafi ko kaɗan.

Mai Guga ba ta yarda ba, amma ba ta da hujja. Ta shafa cikinsa, ta shafa ƙafarsa, ta ji sanyi. To amma me take taɓawa ba ta ji sanyi ba? Kofin shayi ma sanyi take jin sa. Ta janye hannun ta ce wa kanta ta daina neman fitina.

Da rana ta take, yaron ya soma wani ɗan nishi duk numfashi, ƙasa-ƙasa, sai ka kasa kunne za ka ji. Yaya na bakin ƙofa tana linke zannuwa. Mai Guga ta ɗago shi don ta ji nishin da kyau, sai jiki ya yi abin da ya saba, ta karkata kai ta kai shi kuncinta. Sanyi ƙalau, kamar dutsen da aka zare wa wuta tun jiya.

“Yaya, yaron nan ya yi sanyi.”

Yaya ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ke ce jikinki ke ci da wuta, dole ki ji kowa da sanyi. Maganar ta so ta shige ta, don gaskiya ne zazzaɓin ya dawo mata. Sai ta tuna yadda suke yi a shago in suna shakkar dutse, a gwada shi da na kusa. Ta miƙe da ƙyar, ta fizgo hannun Yaya ta manna a kuncinta, ta ji ɗumin mutum. Ta mayar da kuncin kan ƙirjin yaron, ta ji babu. A nan ne ta lura haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, leɓensa ya dusashe. Ba ta san lokacin da ta fita titi ba takalmi ba, Yaya na bin ta da mayafi.

A motar da suka tara ta cusa shi cikin rigarta, fata da fata, tana ta jijjiga shi tana roƙonsa ya yi kuka. Ita da ta yi ta jin daɗin yabon maƙwabta, yanzu da za a ce ta ba da hannunta a sare don ya tsala ihu ɗaya, wallahi da ta miƙa.

Da suka isa asibiti, nas ɗin da ta karɓi haihuwar ce a bakin aiki. Kallo ɗaya ta yi wa yaron ta karɓe shi ta shige da gudu. Da ta fito sai ta tsaya a gaban Mai Guga ta sake tambayarta yaushe ruwa ya fara zuba. Wannan karon ta faɗi komai, ɗigar, warin, ciwon mara, ƙwayar da ta sha a bakin ƙofa. Nas ba ta yi mata faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dai gaya mata cewa tun ranar da ruwan ya fara ɗiga ƙofa ta buɗe, ƙwayoyin cuta suka hau har mahaifa, yaron kuma a cikin ruwan yake kwance yana haɗiya. Da sun sani, da tun tana naƙuda an fara mata allura, shi ma ba za a bar shi ya tafi gida ba. Jariri, in ji ta, ba lallai ya yi zafi ba in cuta ta shiga jininsa, wani sanyi yake yi ya yi laƙwas.

“Zai tashi?” in ji Mai Guga.

“Muna yin iya ƙoƙarinmu. Ke ma gado za ki hau.”

Aka kwantar da ita a ɗakin mata da ƙarin ruwa a hannu, shi kuma a ɗakin jarirai cikin kwalba, da robar iska a hanci da allura a ɗan hannunsa da bai kai yatsanta kauri ba. Mijinta ya baro mota a hanya ya iso, ya tsaya a bakin gadonta yana murza hula. Ta jira ya ce me ya sa ba ta faɗa ba. Bai ce ba, sai ya gyara mata filo, ita kuwa ta juya fuska bango.

Kwanakin nan ba ta san yadda suka wuce ba. Duk takun da ta ji a baranda sai ta ɗago ta kalli ƙofa. Wata safiya ta ja ƙarfen ƙarin ruwanta zuwa ɗakin jarirai, ta tarar kwalbar da ke kusa da ta ɗanta babu kowa, an goge ta fes. Ba ta tambaya ba, ta matsa kusa da kwalbar ɗanta. Aka ce ta wanke hannu ta zura ta ƙofar kwalba ta taɓa shi. Ta zura, ta dafa cikinsa, ta tsaya. Ba ta ji ɗumi ba, ba ta ji sanyi ba. Nas ta nuna mata lambar da ke jikin na'ura ta ce zafinsa na dawowa, ta gyaɗa kai kawai. Ranar ta tsani hannun nan da ya ci da ita ya sha da ita shekara da shekaru.

Sai da aka cire masa robar hanci sannan aka ce ta zauna a miƙo mata shi. Ta karɓa. Ba ta duba fuskarsa ba, ba ta saurari abin da nas ke faɗa ba, ta karkata kai ta kai shi kuncinta. Da ɗumi. Ta ɗaga, ta sake mannawa, don ba ta yarda da na farko ba. Hawayenta suka zubo masa a ido, ya yamutsa fuska, ya buɗe baki ya tsala kukan da sai da sauran jariran suka farka.

Nas ta matso ta ce ta jijjiga shi mana ya yi shiru, ko ta sa masa nono.

“Don Allah ki bar shi tukuna,” in ji Mai Guga. “Ki bar shi ya ƙara yi.”